ƘWAI A BAKA KO ZABO A AKURKI?

Jawabi ga masu kiwon kaji, zabbi, agwagi da dinyoyi na Tawa da arewacin Adar

 

Magabata sun ce ƙwai a baka ya hi kaza a akurki. Gaskiya ne ga mai jin yunwa. Amma in kowa ya cinye ƙwanshi, ko ya saida shi duka ran Lahadi a kasuwar Tawa, baɗi akurki zai zama wayam. Jawabin yau bisa wanga batu ne: ƙaƙa mai kiwo zai maida ƙwai shi zama tsuntsu, cikin gida, ba da kashe kuɗɗi masu yawa ba. Za a yi magana bisa ƙwan zabbi, wanda kowa ya sani, da ƙwan agwagwa, da kuma ƙwan dinya, wanda ya hi su duka wuya.

DON MI AKE WANGA MAGANA?

Dattawan Adar ba su mance hwarin 1973 da 1974 ba, balle na 1984. Shanu da tumaki sun mutu da yawa. Matasa kuma sun ga yunwar 2005. Wanda saniyarshi ta mutu, sai ya yi shekaru kahin shi maida gurbinta. Saniya tana ɗaukar ciki wata 9, ta haihi ɗa guda. Kaza kuwa kwana 21 take kwanci, ta hito da ƴan tsaki 8 ko 10.

A ƙauyukan Adar maza da yawa suna tahiya biɗa, Abijan ko Najeriya ko Libiya. Mata da yara ake bari gida. Ran da yaro ya kwana da masassara, ba a jiran saƙon kuɗɗi. Zabo ake kamawa a kai kasuwa. Kuɗɗin zabo guda ya hi na ƙwai 20. Wadda ta iya ƙyanƙyasa, ta samu asusun da ke yawo cikin gidanta.

KOWANE ƘWAI DA KWANAKINSHI

Abu na hwarko shi ne sanin kwanaki:

Ƙwan kaza: kwana 21.
Ƙwan zabuwa: kwana 26 zuwa 28.
Ƙwan agwagwar gida, mai jan nama a huska: kwana 35.
Ƙwan dinya: kwana 28 zuwa 32, galibi wajen 30.

Hasara mai yawa daga rashin lissahi take hitowa. Wata ta sa ma kaza ƙwan agwagwa. Kwana 28 ya wuce ba ta ga komi ba. Ta ce ƙwan ya lalace, ta zubar. Alhali saura kwana 7 ɗiyan su hito. Saboda haka a rubuta ranar da anka sa ƙwai, cikin littahi ko bisa bangon ɗaki da gawayi. Misali, ƙwan zabbi da anka sa ran 1 ga Yuli, ana jiran shi tsakanin 27 da 29 ga Yuli.

ZAƁEN ƘWAI

Ba kowane ƙwai ke ƙyanƙyashewa ba. Mace tana yin ƙwai ko babu namiji, amma wanga ƙwai na ci ne kawai. Zakara guda ya isa kaji 10. Zabbi ba haka suke ba: a bar namiji guda ga mata 3 ko 4. Toron agwagwa guda ya isa mata 4 ko 5. Namijin dinya guda, mata 3 ko 4. Wanda ya saida mazan zabbinshi duka da rani, da damana zai tara ƙwai mai yawa, amma baragurbi zai kwasa.

Ga ƙwan da ya kamata a zaɓa:

1. Sabo, wanda bai wuce kwana 7 ba.
2. Matsakaici. Ba ƙarami ƙwarai ba, ba babba ƙwarai ba.
3. Wanda ɓawonshi ba shi da tsaga ko kaɗan.
4. Mai tsabta. In akwai ɗan kashi bisa, a kankare da busasshen tsumma.

Kada a wanke ƙwan kwanci. Ɓawo shina da ƙananan ƙohohi da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako ke numhwashi. Akwai wani shahi siriri bisa ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta. Ruwa shina wanke wanga shahi, cuta ta samu hanya.

Ƙwan kasuwa sai da lura. Wani ya daɗe. Wani ya sha rana da girgizar mota. Wani ma an dahwa shi don masu ci. Ya hi kyau a saye wajen maƙwabcin da anka san garkenshi, anka kuma san shina da maza.

AJE ƘWAI CIKIN ZAHIN TAWA

Nan ne wuyar ƙasar Adar take. Cikin Afirilu da Mayu zahin Tawa shina wuce digiri 40. Ɗan da ke cikin ƙwai kuwa shina soma motsin girma tun zahi ya wuce digiri 25. In ya soma, kuma babu uwa bisa, sai shi raunana shi mutu. Shi ya sa ƙwan da ya kwana 10 cikin ɗakin kwano ba ya yin komi.

Dubara ita ce tukunyar ƙasa. A samu wuri mai inuwa cikin ɗakin laka, kusa da randa. A zuba rairai, a jiƙa shi, a ɗora tukunya bisa. A shimhiɗa busasshen haki cikin tukunyar don kada ƙwai shi taɓa laima. A jera ƙwan zabbi da na kaji, tsinin ƙasa, mai hwaɗin bisa. Ƙwan dinya a kwance ake aje shi, ana juya shi sau ɗaya kullum. A ruhe bakin tukunyar da jiƙaƙƙen tsumma.

Zabuwa da damana take ƙwai, kuma ɓoye gurbinta take cikin haki ko ƙarƙashin ƙaya. Yara su bi ta da hantsi su gane wurin. A riƙa kwasa kullum, ana bar mata 2 ko 3 da anka yi ma alama. In anka kwashe duka, sai ta sake wuri.

KAZA ITA CE UWAR KOWA

Zabuwa ba ta iya renon ɗiya ba. Tana jan su cikin raɓa da sahe, su jiƙe su mutu. Kazar gida ita ce uwa ta ƙwarai. A zaɓi wadda ta taɓa ƙyanƙyasa ta rena ɗiyanta, mai jiki, mai lahiya. A gwada ta kwana 2 ko 3 bisa ƙwai kaɗan. In ta zamna ba ta tashi, in an kai hannu ta kumbura tana sara, to kwancinta na gaske ne.

Kada kwaɗayi shi sa a cika mata ƙwai. Wanda ya leƙo waje daga hukahukanta shina yin sanyi. Gobe ta jawo shi ciki, ta turo wani waje. A haka duka su lalace. Ga abin da kazar gida ke iya ruhewa:

Ƙwanta: 10 zuwa 12.
Ƙwan zabbi: 12 zuwa 15.
Ƙwan agwagwa: 6 zuwa 8.
Ƙwan dinya: 3 ko 4.

A yi gurbi a wuri mai duhu da iska, inda ruwan sama ba ya shiga. A gina ɗan rami kamar ƙwarya, a zuba rairai mai ɗan laima, a barbaɗa toka, a shimhiɗa haki da busasshen ganyen dogon yaro. Ƙuma da kaska suna shan jinin kaza da dare har ta gudu ta bar ƙwai. Don haka a ƙone tsohon haki, kada a sake anhwani da shi.

Da dare ake sa ƙwai, kuma duka rana guda. A yi ma kowane alama da hensir ko gawayi. In wata kaza ta zo ta ƙara nata, a gane shi a hidda.

Ga wata dubara. Bayan kwana 6 ko 7 da sa ƙwan zabbi, a ƙara ƙwan kaza 2. Za su hito tare. Ƴan tsakin kaza suna jin kiran uwa, ɗiyan zabbi kuma su bi su, su koyi ci da shiga akurki.

Kazar da za ta yi kwana 28 ko 30 ko 35 tana kwanci ta wuce abin da ta saba. Tana ramewa. A aje mata hatsi da ruwa mai kyau kusa. Ta tashi sau ɗaya kullum, minti 15 zuwa 20, ta ci ta sha ta yi birgima cikin toka. Wanga tashi ba ya cutar ƙwai. Shan iska ne gare shi.

HASKA ƘWAI

Ba sai an jira wata guda ba kahin a san abin da ke ciki. Ran kwana 10, da dare, a ɗauki tocila. A dunƙule hannu bisa bakinta, a ɗora ƙwai ta wajen mai hwaɗi, a duba.

In an ga ɗigo baƙi da jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, akwai rai. A maida shi maza.
In ƙwan ya yi haske sarai, babu ɗa ciki. A hidda shi.
In an ga jan zobe kewaye, ɗan ya mutu. A hidda shi.

Ɓawon ƙwan zabuwa shina da kauri, sai tocila mai ƙarhi da duhu sosai. A sake haskawa ran kwana 20. Ƙwai mai rai ya yi duhu, sai wurin iska a bisa. Baragurbi in anka bar shi, shina hwashewa shi ɓata sauran. Wanda ke wari, a gina rami a turbuɗe shi nesa da gida.

MAGANAR DINYA

Dinyar gida ba ta da yawa a Adar. Asalinta daga Turai da ƙasar Sin ne, kuma Sin ce ta hi kowace ƙasa kiwonta a duniya. Mutanen Masar sun kiwata ta tun zamanin Fir'auna. Babbar tsuntsuwa ce. Ƙwanta guda shina kai giram 150, wato nauyin ƙwan kazar gida 3 ko 4. Tana daɗewa duniya, shekara 15 ko hiye. Tana gadin gida, don in baƙo ya shigo da dare sai ta tada kowa da kuka.

Amma kahin mutum shi sayi ƙwanta, shi tambayi kanshi abu biyu: ina ɗanyen haki, ina ruwa? Dinya kiwo take kamar tunkiya, ɗanyen haki shi ne abincinta. Barbararta kuma ta hi kamawa cikin ruwa. Mai garka a bakin tabkin Tabalak, ko cikin hwadamun Keita da Tamaske, ko kusa da madatsun ruwan da Furojen Keita ya yi tun daga 1984, shina iya gwadawa. Mutumin tudu, wanda da rani sai an yi tahiya kahin a samu ruwan sha, gara shi tsaya ga zabbi.

Dinya ba ta ƙwai da yawa, wajen 20 zuwa 40 a shekara. Don haka kowane guda shina da daraja. Ƙwan wadda ta shekara 2 ya hi na ƙarama ƙyanƙyashewa. Ita kanta tana ruhe 10 zuwa 12. Agwagwa tana ruhe 5 ko 6, kuma ta hi kaza dacewa, don tana shiga ruwa ta komo da laima ga gashinta. In kaza ce anka ba, to aiki ukku ya hau kan mai kiwo:

1. Juyawa. Ƙwan ya yi ma kaza nauyi, ba ta iya juya shi da baki. In ba a juya ba, ɗan shina manne ma ɓawo shi mutu. A rubuta 1 a gehe guda, 2 a ɗaya gehen. A juya da hannu sau 3 kullum: sahe, azahar da dare. A wanke hannu tukuna.

2. Yayyahi. Daga kwana 15, in kaza ta tashi cin abinci, a yayyahwa ma ƙwan ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai sanyi ba. Yayyahi ne, ba wanki ba. Iskar Adar busassa ce, balle lokacin ɗari da bazara. In ƙwai ya bushe da yawa, hwatar da ke cikin ɓawo tana ƙanƙame ɗan, shi kasa hita. Da tsakiyar damana, in iska tana da laima, a rage yayyahin.

3. Tsayawa. Ran kwana 26 a bar juyawa. Ɗan shina gyara kwanciya, shina kai baki wurin iska.

Akwai kuma dinyar daji, mai ƙaya ga hihhike, wadda ke sabka tabkuna. Tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi sun shiga jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, na yarjejeniyar Ramsar, cikin 2005. Ƙasa kuma tana da dokar hwarauta da tsaron namun daji ta 1998. Kada a kwaso ƙwan tsuntsayen daji a kawo gida. Ban da maganar doka, akwai ta cuta. Tsuntsayen ruwa suna ɗaukar murar tsuntsaye. Wagga cuta ta ɓulla Nijar cikin Fabrairu 2006, ga agwagin Magarya, cikin jihar Damagaram. In ta shiga gari, garke duka take sharewa, kuma tana iya kama mutum.

INJIN ƘYANƘYASA

Ƙungiyar da ta samu injin ƙyanƙyasa, na kananzir ko na lantarki ko na hasken rana, ta san injin ba shi da hankalin kaza. Mutum ne hankalinshi. Zahin ciki shi tsaya digiri 37 da rabi zuwa 38. In ya kai 40 ya daɗe, ɗiyan sun mutu. Injin shina ƙara zahi, ba ya rage shi. Don haka da bazara kada a aje shi ɗakin kwano. Tasar ruwa ta ciki kada ta bushe. Kwana 3 na ƙarshe a ƙara ruwa, a bar juyawa, a bar buɗe-buɗe. Ƙwan dinya, daga kwana 10, ana hiddo shi minti 10 zuwa 15 kullum shi sha iska, a yayyahwa mishi ruwa, a maida. A sa mutum guda mai littahi, shina rubuta zahi sahe da marece. Inda wuta ke yawan ɗaukewa kuma babu batir, kaza ta hi injin.

RANAR HITA

Ɗan tsako shina huda ɓawo, sa'an nan shi huta. Ɗan dinya shina iya yin kwana 1 ko 2 tsakanin huda da hita. A yi haƙuri. A hana yara ɓare mishi ɓawo. A wanga lokaci shina janye sauran gwaiduwa cikin cikinshi, jijiyoyin jini kuma ba su bushe ba. Wanda ya ɓare da gaugawa, jini zai gani, ɗan kuma ya tahi. Sannu ba ta hana zuwa.

In sun hito, a bar su ƙarƙashin uwa har su bushe. Ranar hwarko ba su bukatar abinci, gwaiduwar tana riƙe da su. Ruwa za a ba su, cikin kasko marar zurhi, a zuba tsakuwa ciki don kada su hwaɗa su jiƙe.

SATI 6 NA HWARKO

Ƙyanƙyasa rabin aiki ce. Ɗiyan zabbi sun hi mutuwa cikin satuttukan hwarko. Abin da ke kashe su: raɓa, ruwan sama, sanyin dare, yunwa, tsutsar ciki, shirwa, hankaka da mussa. Kaza mai ɗiya ita ke tsoron shirwa, to mai kaza ma shi ji tsoronta.

A tsare uwa da ɗiya cikin shinge mai ruhi, sati 4 zuwa 6. Ƙasan wurin shi zama busasshe. In za su hita, sai rana ta ɗaga raɓa ta bushe. In hadari ya taso, a maida su ciki.

A ba su ɓarzajjen hatsi ko dawa, da dusa, da gara. Gara ita ce namansu. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, a jiƙa, a kihe ta bisa hanyar gara da marece. Da sahe a kwasa. Garin busasshen kihi da garin ƙuliƙuli suna sa su girma, amma kada a ba da wanda ya yi hunhuna.

Ɗiyan dinya suna son yankakken ɗanyen haki mai taushi tun kwanakin hwarko, da ganyen salati. Waɗanda kaza ta ƙyanƙyashe, kada a bar su shiga tabki kahin sati 3. Gashinsu bai samu man da ke tare ruwa ba. Suna jiƙewa, sanyi shi kama su.

Ciwon nan da ke share kaji lokacin ɗari, wanda likitoci ke kira Niyukasal, ba shi da magani. Rigakahi gare shi, na allura ko na ɗigawa a ido. Shina kama zabbi ma. A nemi malamin dabbobi na ma'aikatar kiwo tun kaka, kahin iskar ɗari ta taso, a tambaye shi kuma maganin tsutsar zabbi. Tsuntsun da anka sawo kasuwa, a ware shi sati 2 kahin a gama shi da na gida. In tsuntsaye suna mutuwa da yawa rana guda, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A shaida ma ma'aikatar kiwo nan take.

LISSAHI

Ga misali. Uwar gida tana da kaji 2 masu kwanci. Ta sa ma kowace ƙwan zabbi 14, ya zama 28. A ce 20 sunka hito. In ta sake su cikin raɓa, watakila 5 za su kai kaka. In ta tsare su sati 6, ta ba su gara, ta yi musu rigakahi, tana iya tsira da 15. Ƙwan guda ne, kajin guda ne. Bambancin zabbi 10 daga hannunta ya hito. Zabbi 10 kuwa sun isa a soma maganar akuya.

Wanda ke son zabbin baɗi, yanzu ne lokacin shiri: shi bar maza cikin garke, shi gyara akurki, shi nemi tukunya da tocila, shi ware kazar da ta iya reno. Wanda ya ji wanga jawabi, shi kai ma wanda bai zo ba.

Allah shi ba da damana mai albarka, shi tsare dukiyar talakawa. Amin. Wassalamu alaikum.